Gorar Ruwa Mai Jan Zare

Shekara uku ke nan da dawowata daga Umara, amma har yanzu in aka zauna a bencin ƙofar shagona bayan la'asar, sai wani ya ce, Habibu tela, a ba mu labarin Makka. Ni kuwa sai in ɗauko musu na kazar jirgi, ko na ƙaton da ya taka mini ƙafa a ɗawafi ya kuma juyo ya harare ni, a yi dariya a watse. Abin da suke son ji ban taɓa faɗa ba, wato yadda muka tafi mu biyu da surukina na dawo ni kaɗai. Sun san ya rasu a can, sun kuma ce ya yi sa'a. Yau dai na ajiye almakashi zan faɗa tun daga farko, don na gaji da riƙe shi a ciki.

Surukin nawa Malam Isa ne, mutumin Rano, kuma wannan ne karo na farko da sunan ya fito daga wurina. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini Malam, ko da yake karatuna bai kai ya kawo ba. Matata Hajara ita ce 'yarsa ta fari, saboda haka kunyar da ke tsakaninmu ninki biyu ce. Ita ma ba ya kama sunanta, sai dai ya ce mutanen gidanka. Shekara goma sha tara ina aurenta, ban taɓa kai loma baki a gabansa ba, shi ma bai taɓa kurɓar ko ruwa ina kallo ba. In na je Rano, tun daga zaure nake tuɓe takalmi, in durƙusa, mu gaisa kowa yana kallon tabarma.

'Ya'yansa ne suka haɗu suka biya masa Umara, aka zo neman mai raka shi. Ni ke da fasfo tun lokacin da nake zuwa Kwatano saro yadi, ga ɗan Larabcin makarantar Islamiyya da nake taƙama da shi, sai nauyin ya faɗo kaina. Ranar tafiya Hajara ta ja ni ɗaki ta damƙa mini maganin hawan jininsa. Ta ce likita ya ce ya riƙa shan ruwa da yawa, ta kuma ce ta san halin mahaifinta, ba ya shan ruwa sai an matsa masa. "Amana na ba ka," in ji ta. Na ce ta kwantar da hankalinta. Ban tsaya na tambayi kaina yadda zan matsa wa mutumin da ko idonsa ba na iya kallo ba.

Tun a jirgi matsalar ta nuna kanta. Kujerunmu a manne suke, kafaɗa da kafaɗa. Da aka kawo abinci, shinkafa da kaza sai ƙamshi take, Baba ya ce alhamdulillahi, ni ma na ce alhamdulillahi, alhali tun safe ban sa komai a cikina ba. Muka zuba wa tiren ido. Can sai ya miƙe ya ce zai zaga. Kafin ya dawo na haɗiye kazar nan kusan da ƙashinta. Da ya zauna ni ma na tashi, na je bayan jirgi na tsaya ina karanta rubutun jikin ƙofa har ma'aikaciyar ta fara yi mini kallon tuhuma. Na dawo na tarar da tirensa fes. Daga ranar muka samu dabarar da muka rayu da ita.

A jirgin muka ɗaura harami. Na daɗe ina kallon mutane ɗaruruwa sanye da farin yadi babu ɗinki ko na allura ɗaya, na ce a raina ai nan tela ba shi da abin yi. A Jidda kuwa sai da muka kusa kwana a layi. Na'urar ɗaukar hoton yatsa ta ƙi karɓar yatsun Baba, don fartanya ta shafe zanen da ke jikinsu tun tuni. Jami'in ya shafa masa mai, ya danna, ya goge, ya sake dannawa, Baba yana ce masa a hankali yaro, da Hausa. Da ƙyar ta karɓa. Sai kuma aka gano goron da ya ɓoye a cikin butarsa, aka ƙwace aka jefa a kwandon shara yana kallo. Har muka shiga mota yana maimaita cewa farare ne, 'yan zaɓe.

Masaukinmu a Makka a unguwar Misfala yake, hawa na biyar, ɗaki ɗaya gado biyu. Baba ya ƙi shiga lif. Ya ce shi ba zai shiga akwati a rufe shi da ransa ba, sai ya bi matakala, sau biyar a rana, ni ina binsa a baya ina haki. In mun kai sama sai ya waiwayo ya ce, da ƙuruciya a duwatsun Rano yake kiwon awaki, har zuma yake cirowa a inda ko akuya ba ta zuwa. Shekararsa saba'in da ɗoriya a lokacin, amma ƙafarsa ta fi tawa.

Maganar ruwa kuwa ga yadda na yi da ita. Na sayi gorar roba biyu iri ɗaya, na ciro jan zare daga aljihuna, don tela ba ya rasa zare, na ɗaura a wuyan tasa. Kullum sai in cika ta da zamzam in ajiye a gefen gadonsa tare da maganin, in ce zan je sayen katin waya. In na dawo sai in saci kallon gorar. In ruwan ya yi ƙasa, hankalina ya kwanta. Da haka nake ba Hajara rahoto a waya cewa Baba yana shan ruwa. Abinci ma haka. Ni in tsugunna a bakin titi wurin matan da ke sayar da tuwo da miyar kuka, waɗanda ke kwashe kwanuka su ruga da sun hango motar hukuma, shi kuma in kai masa wake da gurasar nan mai faɗi in ja masa ƙofa.

Ranar da muka fara ganin Ka'aba ba zan manta ba. Ana ta aikin faɗaɗa masallaci, ƙarafan gini sun cika sama, ga hayaniya, amma da muka shigo muka gan ta sai komai ya ɗauke. Baba ya tsaya cak, hawaye na bin gemunsa. Da muka shiga ɗawafi turereniya ta yi yawa, sai na ji ya kama hannuna ya riƙe gam. Bai saki ba har muka gama zagaye bakwai. Tafin hannunsa kaushi gare shi kamar bayan itace. Wallahi har gobe in na tuna sai in ji kewarsa ta kama ni.

A kwana na huɗu Sule ya zo ya same mu. Ƙanen abokin Baba ne, ɗan Rano, ya zo aikin Hajji shekara ashirin da wani abu da suka wuce ya ƙi komawa. Ba shi da takardar zama, iƙama suke ce mata, sai yake kabu-kabu da wata tsohuwar mota a lungunan unguwar Hindawiyya inda ba a cika tsayar da mutum ba. Hausarsa ta cakuɗe da Larabci, ruwa ma moya yake ce masa. Abu na farko da ya miƙa wa Baba goro ne guda uku a ƙunshe cikin jiƙaƙƙen tsumma, nan take ya zama ɗan gaban goshi.

Ya kai mu gidansa cin rana. Aka shimfiɗa leda a ƙasa, aka dire ƙaton faranti na shinkafa da naman rago. Sai ga mijin 'yarsa, haifaffen Makka, ya shigo ya sumbaci goshin Sule, ya zauna gwiwa da gwiwa da shi, ya zura hannu a faranti, har yana yago nama yana tura masa gabansa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Baba ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya kyauta. Mu biyu muka ce mun ƙoshi. Sule ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Ya Hajji, har yanzu kuna nan da wannan? A nan halas, an daina. Wa zai zauna da yunwa saboda suruki?"

Duk da haka ya zuba mini nawa ya kai ni wani ɗaki, don bai manta gida ba.

A hanyar dawowa ne Baba ya hango wani dutse daga kudu, baƙi, ya tokare sama, ya tambayi sunansa. Sule ya ce Dutsen Saur ke nan, a ƙolinsa kogon da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɓuya da babban abokinsa lokacin hijira yake. Baba ya ƙura wa dutsen ido. Tun yana makarantar allo yake jin labarin kogon nan. Ya ce yana son ya gan shi da idonsa.

Sule ya rage gudu ya faɗa masa gaskiya. Ya ce hawan ba ya cikin aikin Umara, malamai suna faɗa, har alluna an kafa a gindin dutsen ana gargaɗi. Ya ce shi duk shekarunsa a Makka bai taɓa hawa ba, don ya sha ɗaukar mutane zuwa can suna raha, ya dawo da 'yan uwansu suna kuka. Wani santsi ne ke kwashe shi, wani wurin ɗaukar hoto yake ja da baya ya faɗa, wani kuma zuciyarsa ce kawai ke tsayawa saboda zafi. Ya ce dutsen nan ba irin na gida ba ne, babu bishiya, babu inuwa, sa'a biyu ana hawa in ƙafa na da kyau. Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce shi da ya ciro zuma a duwatsun Rano. Sule ya kalle ni ta madubi yana jiran in sa baki. Na ce duk yadda Baba ya ce. Ban kuma gaya wa Hajara a waya ba, don na san za ta hana, wannan kuwa laifina ne ni kaɗai.

Muka yi da Sule zai ɗauke mu da an idar da asuba, mu hau da sanyi. Bai zo ba sai da hantsi ya dubi ludayi. Ashe masu duba takardu ne suka tare hanya, dole ya laɓe har suka tashi. Da muka isa gindin dutsen rana ta riga ta fara cizo. Sule ya ce a bari sai bukra, wato gobe, amma gobe motar Madina za mu shiga. Kafin mu gama shawara Baba ya tattare kaftaninsa ya kama hanya. Sule ya ɗaga murya ya ce mini, moya, moya, kada ku yi wasa da moya. Na ɗaga masa jakar da gorunan biyu ke ciki.

Hanyar matakala ce a wani wuri, a wani wurin kuma dutse ne tsirara. Mutane iri-iri suna hawa, tsofaffin matan Turkiyya da sanduna, 'yan Indunusiya cikin kaya iri ɗaya, ga wasu 'yan Pakistan zaune da rabin buhun siminti suna lallaɓa matakala suna neman sadaka. Ga birai kuma a kan duwatsu suna ƙare wa jakar kowa kallo. Kowa sai ɗaga gora yake yana sha, wasu suna kwara wa kansu. Mu kaɗai ne ba ma sha. Ina bayansa, don ba a shiga gaban babba, kuma hanya ɗaya ce, ba ɗaki ba ƙofa, ba inda mutum zai ce zai je sayen kati. Harshena ya bushe, bayan kaftanin Baba ya jiƙe sharkaf.

Bayan kamar sa'a guda muka samu wani ɗan fili ya zauna. Na ciro gora mai jan zare na ajiye a gefensa, na ce zan amsa waya, alhali ba wanda ya kira ni. Na zaga bayan wani dutse, na shanye rabin tawa a tsaye, na ja tasbihi ɗari don in ba shi lokaci. Da na dawo ba gora a wurin. Yana zaune yana kallon gari, ga hasumiyar agogo can ƙasa. Kusa da shi tulin gorunan da mutane suka yar ne. Na ce a raina ya shanye ya jefar, har na ji daɗi. Ban tambaya ba. Yaya zan buɗe baki in tambayi surukina ko ya sha ruwa? Ya miƙe ya ce, mu je Malam.

Daga nan hanyar ta ƙara tsukewa, gefe ɗaya rami ne wanda in ka leƙa sai kanka ya juya. Tafiyarsa ta ragu. Na lura kaftaninsa ya bushe, na ɗauka hutun da ya yi ne ya amfane shi. Daga baya likita ya gaya mini wannan ce alamar da ta fi muni, jiki ya ƙare ruwan da zai yi gumi da shi. Ya fara magana shi kaɗai, yana kiran awaki. Mun kusa ƙoli, har muna hango mutanen da suka taru a bakin kogon, sai idona ya kai kan wani biri a saman dutse. Gora ce a hannunsa, ya huda ta da haƙori, ruwa na zuba a ƙasa. A wuyanta ga jan zarena.

A karo na farko a rayuwata na yi masa tambaya kai tsaye.

"Baba, ba ku sha ba?"

"Biri ne ya riga ni," in ji shi, muryarsa a shaƙe. "Na ga bai dace in ce maka ina jin ƙishi ba."

Bai rufe baki ba ƙafarsa ta lanƙwashe, ya zame ya yi wajen ramin. Na cafko wuyan kaftaninsa. Ni na ɗinka shi, layi biyu na yi masa a kafaɗa, shi ya sa bai yage ba. Na jawo shi na jingina da dutse, na buɗe tawa gorar na kai bakinsa. Ko a wannan halin sai ya kau da kai. Nan na gane in ban fara ba, ba zai sha ba. Na dube shi cikin ido, na ɗaga gorar na kurɓa har maƙogwarona ya yi ƙara, sannan na mayar masa. Ya sha. Ya ƙara sha. Ya yi ɗan murmushi.

"Ashe kai ma kana jin ƙishi, Habibu."

Ban taɓa sanin ya riƙe sunana ba. Ya lumshe ido, sannan ya ce, "In Hajara ta tambaya, ka ce mata na sha."

Mutane suka taru. Wata tsohuwa Baturkiya ta jiƙa mayafinta ta ɗora masa a goshi, wani mai shayi ya yago kwali ya yi masa inuwa. Na kira Sule, shi ya kira masu ceto, ya kuma tsaya a gindin dutsen har suka zo, duk da ya san abin da zai same shi in aka ce ya nuna takarda. Saukowa da mutum a kan gadon ɗaukar marasa lafiya daga wurin nan aiki ne, sun daɗe suna yi, ni ina biye da takalmansa a hannu. Bai sake magana ba. Kafin la'asar ya cika a asibiti. Likitan ya ce zafi da rashin ruwa ne suka haɗu da hawan jinin, zuciyar ta kasa.

Washegari aka sallace shi a Harami bayan azahar, jama'ar da ba ta ƙirguwa, ba wanda ya san shi a cikinsu sai ni da Sule. Aka binne shi a wata maƙabarta a bayan gari inda ba a rubuta suna, sai ɗan dutse kawai. Na je Madina ni kaɗai. A mota aka raba abinci, kujerar gefena ba kowa, ba wanda zan ji kunyarsa, na kasa ci. Kogon kuwa har yau ban gan shi ba, ban kuma yi sha'awar komawa in gani ba.

Masu cewa ya yi sa'a ba na musu da su, kwanan mutum ba ya wucewa, kuma wa zai ƙi a sallace shi a gaban Ka'aba? Sai dai na san tambaya ɗaya ce na kasa yi a kan lokaci. Ina kewar kunyar nan tamu, ina kewar yadda yake tashi ya ce zai zaga don in ci, ban ga girmamawar da ta kai ta ba. Amma bara da na aurar da babbar 'yata, ranar da mijinta ya fara zuwa gaishe ni, na sa aka kawo ruwa a kofi ɗaya, na sha a gabansa na miƙa masa. Ya yi ta noƙewa yana kallon tabarma. Na ce ba zai tashi ba sai ya sha.

Ranar da na dawo Kano kuwa, gida cike yake da masu ta'aziyya. Sai da aka ragu na nemi Hajara. Na shiga ɗaki na ajiye mata takalmansa da sauran maganin. Ta daɗe tana kallonsu, sannan ta yi tambaya ɗaya.

"Ya sha ruwa?"

Na zauna na gaya mata komai, da birin, da zaren, da wayar da ban yi mata ba. Na ce a ƙarshe ya sha, kuma shi da kansa ya ce in Hajara ta tambaya in ce mata ya sha.

Ta ɗago kai. "Haka ya ce? Hajara ya ce?"

Na ce haka ya ce. Tun da aka haife ta ba ta taɓa jin sunanta a bakinsa ba. Ta ce in sake faɗa mata yadda ya faɗa, na sake. Sai a lokacin ta fara kuka.